Ƙa'idar Masu Jan Ƙafa

Laraba, 1 ga Rajab, bayan azahar

Yau sabuwar shekarar Nasara ce, don haka Armand Dalbec ya aiko da gaisuwarsa. Shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa fashi ba. Ɓarawo mai zumunci ke nan.

Bari in rubuta maganar a nan sau ɗaya, tun da a gidan nan da na ɗauko ta sai kowa ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Ni Abdulbaƙi Mamman Laminu, mutumin Damagaram, gwamnati ta tura ni Faransa karatun fizik. A Grenoble aka haɗa ni ofis ɗaya da Armand, wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, tebur biyu, allo ɗaya. Fizik ɗinmu irin ta alli ce, ba a taɓa komai da hannu, sai lissafi. Shi yana neman dalilin da ya sa hatsi ke toshe bakin rumbu alhali ramin ya fi ƙwayar girma. Ya daɗe yana cizon alƙalami bai samo komai ba.

Na zo Hajji da hutu, na koma, na ɗora shayi, na ce masa: a wurin ɗawafi, inda samari majiya ƙarfi suka taru suna sauri, nan ake cushewa. Inda tsofaffi suka watsu cikin jama'a suna jan ƙafa, tafiya zuba take yi kamar kunu. Na watsa wake a faranti, na jefa gutsattsarin sukari a tsakani, na juya masa da yatsa. Ya kalli farantin, ya kalle ni, ya ce in ƙara masa shayi.

Daga nan Baba ya rasu, tallafin karatu ya tsaya, na bar digirin a rabi. Na taho Makka wurin kawuna, na auri Saudatu, na ƙare ina sayar da kayan wuta a shagon yayanta a Rusaifa. Da aikin Hajji kuma in yi tafinta a Aziziyya, ina nuna wa alhazai hanyar banɗaki da Faransanci mai kyau. Shi kuwa ya buga takarda cewa ƙwayoyi masu jinkiri suna hana cunkoso. Ƙa'idar Dalbec. A ƙarshen takardar, da ƙananan baƙaƙe, ya ce: "Ina gode wa Abdul saboda shayi da hira."

Abdul. Ko sunan bai ƙarasa ba. Tun daga ranar ban sake dafa wa kowa shayi ba.

Bana gaisuwar ta zo da jela. Murya ya aiko a jawwal, wato wayar hannu: an gayyace shi taro a Jidda tsakiyar watan nan, yana son ganina, yana da magana. Ni ma ina da ita.

Alhamis, 2 ga Rajab, da hantsi

Ƙafar lafiya lau. 'Yata Nadiya ce ke da tsoro, don tana aiki a mustashfa, wato asibiti, tana ganin masu ciwon gaske. An hana ni zuwa Harami yau. Alhamis ta uku ke nan.

Asabar, 4 ga Rajab, bayan la'asar

Na sa Nadiya ta buɗo mini tarihinsa a jawwal ɗinta. Ta ce, "Abuya, kai fa ka fi masu rubutun sanin wannan." Na ce ta karanta dai.

Farfesa tun gashinsa na baƙi. Amurka ta ɗauke shi, Faransa ta yi kuka ya dawo. An ba shi gidan bincike guda ya riƙe. Ya gwada ƙa'idar a kan motoci, ya gwada ta a kan tururuwa, ya gwada ta a kan tumaki a ƙofar garke. Ya rubuta littafi mai kaurin matashin kai. Ɗalibansa sun zama farfesoshi, su ma sun haifi nasu. Ga hotonsa ana rataya masa lambar girma, yana murmushin da na sani, irin na mutumin da ya ci tuwon wani ya kuma yaba miyar.

Mutumin da ya gina suna a kan ɗawafi bai taɓa ganin Ka'aba ba sai a talabijin. Ni da na gan ta da idona na kawo masa labari, 'yan unguwa suke kirana Duktur, kuma na san da wace murya suke faɗa.

Nadiya ta ce, "Miskin, ya tsufa. Ga sanda a hannunsa."

Na ce sanda ta wanda ke buƙatarta ce.

Ta kalli kusurwar ɗaki. Ban kalla ba.

Lahadi, 5 ga Rajab, bayan magariba

Rigima ta tashi kan inda za a haɗu. Ni na ce a otal ɗinsa a Jidda. In shiga, in tsaya, in faɗi magana, in fito. Ba na buƙatar kujera.

Bandar, mijin Nadiya, wanda Hausarsa ke tafiya da ƙafa ɗaya, ya ce, "Ya ammi, shi yana so zo kusa da Makka. Lakin mamnu', an hana. Kafin Shumaisi akwai allo, wanda ba Musulmi ya bi dama." Ya ce Armand ya rubuto wa Nadiya da Ingilishi yana roƙon a kai shi iyakar inda aka yarda ya tsaya. Ashe har sun fara zumunci a bayana.

Saudatu tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Abokinka na ƙuruciya ya tsallako teku, ka tare shi a zauren otal kamar dillali?"

Na ce ba abokina ba ne.

"To mene ne?"

Na ce ɓarawo ne.

"Ɓarawo ma in ya yi sallama baƙo ne. Tun da ba zai iya zuwa gida ba, gida zai je masa. Halas."

Na ce gida ba ya tafiya. Ta ce zan gani.

Talata, 7 ga Rajab, da safe

Na fara shirya jawabin. "Mushe Dalbec, shekara arba'in kana zaune a kan kujerata." Na gwada shi a gaban madubin banɗaki. Faransancina yana nan daram, sai dai leɓen yana makara kaɗan a gefe ɗaya. Madubin nan tsoho ne, ya kamata a canja shi.

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan isha'i

Na tafi. Na jira Saudatu ta shiga wurin maƙwabciya, na tari tasi. Tun zuwana garin nan kowace Alhamis ina ɗawafi da ƙafata, a ƙasa, kusa da Ɗakin, kuma ba abin da ya faru a watan jiya da zai canja wannan.

Watan Rajab ne, masu Umra sun cika. Na shiga a hankali na kama tafiyata. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, don na tuna ni ne yanzu gutsuren sukarin nan na cikin faranti. Duk wannan jama'a ba su san irin taimakon da nake musu ba. Da babu irinmu da sun cushe.

An ɗan taru a bayana, gaskiya. Wannan laifin wani ayari ne masu riƙe da rigunan juna. Wata mata ta yi ta cewa ya Sabur, ya Sabur, a daidai kunnena, ban san da wa take ba.

A zagaye na uku wani askari saurayi ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ya walidi, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai arabiyya, keken turawa, a sama, za a tura ka cikin hutu." Na ce masa a kimiyyance ni ne ke sa wurin nan tafiya. Ya ce, "Na'am, ya walidi," ya sumbaci kaina, ya raka ni gefe kamar ana fitar da akuya daga gonar mutane cikin ladabi.

Bandar ne ya zo ya ɗauke ni. A mota bai ce komai ba. A gida aka ce komai.

Juma'a, 10 ga Rajab

Ba wanda ke mini magana. An huta.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan azahar

Ashe gida na tafiya. An naɗe babbar dardumar falo. An ɗaure matasan jingina. An sauko da tukunyar da ba a taɓawa sai da Babbar Salla. Saudatu da ƙanwarta Dalal sun kwashe hantsi suna gardama ko Bafaranshe zai iya miyar kuka. Dalal ta ce a yi masa salig kawai, shinkafa da madara ba ta kashe kowa. Saudatu ta ce a yi duka biyun, a ƙara da tsire daga wurin mai siriya, mai gashin nan na unguwar Shisha, ya zaɓi abin da zai kashe shi.

Na ce ina da magana da mutumin nan kafin a buɗe ko da kwano ɗaya.

Saudatu ta ce, "Abu Nadiya." In ta kira ni haka na san hadari ya haɗo. "Ba a yi wa baƙo faɗa da yunwa a cikinsa. Ya ci, ya sha shayi, sannan ka yanka shi in ka ga dama."

Na ce in ya ci abincina ai ba dama kuma.

Ta ce, "To ka gani."

Talata, 14 ga Rajab, da asuba

Ƙafar lafiya lau. Hannun ma.

Alhamis, 16 ga Rajab, bayan la'asar

Ban je ba. Ba don an hana ni ba. Ina maimaita jawabi ne. Na rage shi, na cire wurin da na kwatanta shi da kaska, na mayar, na sake cirewa. Abin da nake so guda ɗaya ne: ya faɗa da bakinsa cewa tunanin daga kaina ya fito, a gaban matata da 'yata waɗanda suka gaji da jin haka daga bakina.

Lahadi, 19 ga Rajab, da hantsi

Jiya aka yi. Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Bandar ya samo wuri a gefen tsohuwar hanyar Jidda, bayan iyaka kaɗan, fili mai tsakuwa da wata ƙaya guda da ke kiran kanta bishiya. Aka shimfiɗa dardumar falonmu a kan ƙasar Allah. Motoci na wucewa suna kallonmu kamar waɗanda mai gida ya kora.

Bayan la'asar tasi ta sauke shi. Na yi niyyar in tarbe shi a tsaye, kuma na tsaya, Bandar yana kusa da ni kawai don ya ga hanya da kyau. Wani ɗan tsoho ya fito, ya fi hoton ƙanƙanta, da na'ura a kunne, da hular kaba irin ta masu yawon buɗe ido. Ya tsaya ya kalli duwatsun da ke gabas ya ce, "Tana bayan waɗannan?" Na ce tana bayansu. Ya cire hula. Sannan ya juyo ya ce, "Abdul, ka tsufa ƙwarai," ya rungume ni, sandarsa ta bugi tawa.

Eh, na tafi da ita. Tsakuwa ce ta sa.

Na ce, "Mushe Dalbec, shekara arba'in..." Sai Dalal ta miƙo dabino da gahawa. Na jira ya haɗiye. Na ce, "Mushe Dalbec..." Sai aka buɗe salig. Abin takaici, ni kaɗai ke jin Faransanci a wurin, don haka ni ne tafinta tsakanin matata da maƙiyina.

Saudatu ta ce, "Ce masa ya ci, ya rame."

Na ce masa.

Ya ce, "Gaya wa Madam tun rasuwar matata ban ci abinci irin wannan ba."

Na gaya mata. Ta ce wayyo, ta juye masa rabin tsiren. Ya sa cokali a miyar kuka, ya ɗaga, ya tsaya yana kallon yadda take tsinkewa, ya ce wannan ruwa ne mai ban sha'awa, da yana da sauran shekaru da ya yi takarda a kansa. Na ce masa ya tabbata ya gode wa Saudatu saboda miya da hira. Bai ji ba, na'urar kunnen tana ɗaya gefen.

Da aka kwashe kwanuka ya ce, "Abdul, shayinka. Shekara arba'in ina ba mutane labarinsa."

Da na fassara, kowa ya kalle ni, don su sun san rabona da dafa shayi. Saudatu ta riga ta taho da ƙaramar butar da gawayi, munafuka. Na ce a raina bari in dafa, shayin nan shi ne ƙofar maganata. Na dafa. Wurin ɗaga buta sama don kumfa ya tashi, sai Bandar ya karɓa, ya ce yana son ya koya. Na bar masa.

Armand ya kurɓa, ya lumshe ido. Na buɗe baki. Ya riga ni.

Ya ce, "Na zo in gaya maka abu biyu. Na farko, tunanin nan naka ne. Waken da sukarin. Na san haka ranar da na rubuta takardar. Ina saurayi, ina jin yunwar suna, kai kuma ka tafi. Na rubuta shayi."

Haka kawai. Jawabina na mako biyu, da kaskar da komai, ya tashi a banza.

Saudatu ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce tunanin nawa ne."

Ta ajiye kofi ta rangaɗa guɗa a gefen titi har wani mai babbar mota ya danna mata oda. Dalal ta kama. Nadiya tana share ido. Bandar yana cewa mabruk ya ammi, mabruk ya Duktur, kuma karon farko na ji kalmar ba ƙaiƙayi a cikinta.

Armand ya jira suka lafa, yana murmushi, ya ce, "Na biyu kuma, ƙa'idar ba daidai ba ce."

Na ce ya maimaita, mota ta wuce.

Ya maimaita, da fara'a, kamar mai ba da labarin haihuwa. Wata tsohuwar ɗalibarsa ta tara mutane a wani babban zaure, ta sa musu huluna masu launi, ta rataya kyamarori a sama, ta sa su zagaya, wasu da sauri wasu a hankali. Ta yi da mutane, ta yi da tumaki, ta yi a kwamfuta. Ta bi lissafinsa layi-layi ta gano inda ya yar da wani ɗan adadi don ya ga ƙarami ne, ashe shi ne ke riƙe da rumbun duka. Masu jinkiri ba sa hana cunkoso. A bayansu ake taruwa.

Ya ce, "Kyakkyawan kuskure ne, Abdul! Ya ciyar da mutane da yawa. Ni da ita za mu buga takarda mu janye shi, takardata ta ƙarshe. Ina so in ba da tarihinsa da gaskiya, in kira shi da sunanmu biyu, naka a gaba. Amma sai ka yarda. Kuma sai ka faɗa mini sunanka cikakke, don ban taɓa iya rubuta shi ba."

Lokacin da abin ke haihuwar lambar girma, nasa ne. Yanzu da ya mutu ana neman mai gawa.

Saudatu ta ce, "Me kuma ya ce?"

Na ce, "Ya ce za a sa sunana a gaba."

Ta sake guɗa.

Da rana ta faɗi muka ji kiran salla daga wani ƙaramin masallaci can gefen hanya. Muka yi salla a kan dardumar, shi yana zaune a gefe da hularsa a gwiwa yana kallon duwatsu. Da zai shiga tasi ya ce, "Har yanzu kana zagayawa da ƙafa?" Na ce kowace Alhamis. Ya kalli sandata. Ya ce, "Da kyau." Mutumin ya iya ƙarya in ya so.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan azahar

Unguwa ta ji. Maryama mai gidan sama ta aiko da basbusa mai zaƙi. Yayan Saudatu, wanda na yi wa tsaron shago rabin rayuwata, ya bugo ya ce shi dama ya san akwai wani abu a kaina.

Ban ba Armand amsa ba.

Talata, 21 ga Rajab, da yamma

Saudatu ta kawo mini magani ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Maganarsa ta biyu ta fi abin da ka fassara tsawo."

Na ce Faransanci haka yake, yana da yawan ruwa.

Ta ce, "Malam, shekara nawa ina kallon fuskar nan? Guɗar farko ta murna ce. Ta biyu na yi ta ne don kada su Dalal su kalle ka."

Na gaya mata. Ta gyara mini matashi.

Ta ce, "To in ɗanka ya fito gurgu sai ka ce na maƙwabci ne?"

Na ce ba wanda ya yi maganar gurgu a gidan nan.

Ta ce, "Ba wanda ya yi."

Laraba, 22 ga Rajab, da safe

Na aika masa murya. Na faɗi sunan harafi-harafi, sau biyu, saboda leɓen. Abdulbaƙi Mamman Laminu. Na ce ƙa mai ƙugiya ce, in injinsu ba shi da ita su nemo. Na ce kuma ya bar maganar shayin a ciki, ita kam ba wanda ya ƙaryata ta.

Ya amsa da hoton babban yatsa. Farfesa guda.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan la'asar

Bandar ya kai ni. Mun hau sama. Ya iya turi, ba ya bugun dugadugan mutane.

Daga can ana ganin wurin duka kamar faranti. Na daɗe ina kallo. Na ga wani tsoho mai farin gemu a ƙasa yana jan ƙafa, shi kaɗai da Ubangijinsa, na ga yadda aka taru a bayansa. Ban nuna wa Bandar ba.

Tunanin nawa ne, kuma ba daidai ba ne. Ƙafar hagu ba za ta dawo ba, likita ya faɗa tun watan jiya.